Shekara Ashirin da Biyu Tana Dafa Gashin Kaza

A da, ƙarfe bakwai na safe za ka same ta a bayan mayankar kaji, da takalmin roba har gwiwa, tana tsince leda da kawuna daga jiƙaƙƙen gashin da masu figa suka zubar. Ta wanke, ta ɗura a tukunyar tururi, ta ɗaure murfi da noti takwas, sannan ta kafa wa allurar awon matsi ido. Unguwa na ce mata Inna Mai Gashi. Baƙo ya taɓa zuwa neman gasasshen nama, ta ce masa nata gashin dafawa ake yi.

Kafin ta fara, gashin nan kwalbati yake toshewa. Wari da ƙuda har cikin ɗaki. Da ta ji likitan dabbobi ya ce akwai sinadarin gina jiki a cikinsa, sai ta shanya, ta niƙa, ta haɗa wa kajinta da dusa. Suka rame, yadda ya shiga haka yake fita. Mijinta ya ce ita kaɗai ya sani mai barin nama ta kwaso gashi. Ba ta kula shi ba. Ta koma wajen likitan, ya ce gashi ba ya narkewa a ciki sai tururi mai matsi ya karya shi. Gwaji goma sha ɗaya ta yi kafin garin ya murmushe a yatsunta, kajin suka fara cika ƙirji.

Mai niƙanta ya ba ni labarin ranar da robar murfi ta tsage, tururi ya zurare ba a lura ba. An cika buhu arba'in, mai kiwon kifi na ƙofa da mota. Inna ta murza garin, ta ji yana jan zare. Mutumin ya ce a ba shi haka, kifi ba ya ƙorafi.

"Ba zai yi ƙorafi ba, Alhaji, amma ba zai girma ba," in ji ta. "Ka dawo jibi."

Ya tafi a fusace. Ta farke buhunan ɗaya bayan ɗaya, ta sake dafawa, kwana biyu a tsaye. Bai dawo jibin ba. Ya dawo bayan wata uku, da abokan kiwonsa biyu.

Inna, ke ce kika buɗe kwalbatin da hukuma ta gaji da shi. Ke ce kika tsayar da ƙananan masu kiwo a shekarar da waken suya ya gagare su. Macen da wari bai kora ba!

Yau ƙirji ya hana ta tsayawa kusa da tururi, ta miƙa sifanar ɗaure noti ga 'yarta ta biyu. Mun gode, Inna, Allah Ya ƙara lafiya. Mu kuma kowa ya leƙa bayan wurin aikinsa, ya ga abin da ake zubarwa. In gwajin farko ya ƙi, a sake ɗora tukunya.