Ranar da Maraƙi Ya Cika Surutu

Ranar wata Alhamis ce bayan la'asar, a daminar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare a Bagudo. Ina tsakar gida ina surfen dawa, sai ga ƙarar babur ɗin Kawu Bello, ƙanen Innarmu, wanda ke fatauci tsakanin garinmu da kasuwannin tsallaken iyaka, ɓangaren Benin. Ya shigo jiƙe sharkaf, taɓo har gwiwa, ya zaro wani faifan sidi daga cikin leda. A bangonsa an zana farin maraƙi da balbela a kan doronsa. "Wanga na yara na," in ji shi, "ku kira kowa." Ya tada ɗan janaretansa, muka cika ɗakinsa maƙil, wasu a tabarma, wasu suna leƙe ta taga.

Ƙanwata Rabi ma ta shigo, ta raɓe bakin ƙofa kamar yadda ta saba. Shekara biyu na ba ta. Sanƙarau ya kama ta tana 'yar shekara uku, ta tashi, amma ya tafi da jinta, magana kuma ta bi bayansa. Abin da muke iya ce mata da hannu bai wuce zo, tafi, ci, ɗebo ruwa ba. Ba zan ɓoye ba, a lokacin kaya na ɗauke ta. In za mu tsintar ƙirare da ƙawayena, ko wasan carafke a gindin mangwaro, sai in faki idonta in zame. Inna takan ce, "Hafsi, in ke ba ki ja ta ba, wa zai ja ta?" Ni kuwa sai in tura baki.

Katun ɗin da Faransanci aka yi shi, amma maganar cikinsa ba ta taka kara ta karya ba. Ambaliya ce ta raba maraƙin da uwarsa, ya haɗu da tsohuwar balbela mai karyayyen fiffike, ya goya ta, ita kuma tana nuna masa hanya. Komai a fuska aka zana shi. In maraƙin ya tsorata, kunnuwansa su kwanta, ƙafafunsa su yi rawa, daidai yadda muke gani a rugar Fulanin da ke bayan gari. Da ya zame ya faɗa taɓo, balbelar ta harare shi, sai muka ji wata irin dariya daga bakin ƙofa, mai kauri, wadda ba mu san ta ba. Rabi ce. Inna ta saki ludayi a tukunya ta sheƙo, ta tsaya tana kallon 'yarta, ba ta ko dubi talabijin ɗin ba.

Mun kalli faifan nan har ya kakkarce ya riƙa tsalle. Bayan shekara biyu Kawu ya dawo da labarin an yi na biyu, ya ce zai nemo. Na ɗaga wa Rabi yatsu biyu, na yi ƙaho a kaina. Tun daga ranar, duk sanda ya tafi tsallake, sai ta gama wanke-wanke da wuri ta zauna a dakali tana duban hanya.

Ranar da ya kawo shi har wanka ta yi, ta zauna a gaba. Ba a jima da farawa ba na ji jikina ya yi sanyi. Maraƙin ya koma birni, an sa masa hula, da ƙafa biyu yake tafiya. Uwarsa da muka yi kuka saboda ita, ko inuwarta ba a nuna ba. Balbelar nan mai dattako an mayar da ita wawuya, sai tuntuɓe take yi don a yi dariya. In suna gudu, bishiya ɗaya ce ke ta wucewa a bayansu tana dawowa. Abin da ya fi muni, fuskokinsu a ƙafe suke kamar na 'yar tsana, baki kaɗai ke motsi, surutu ba tsayawa, in sun gaji su ɓarke da waƙa. Rabi ta ja mini zane, ta buɗe tafin hannunta tana tambaya. Ta sake ja. Ko da na fahimci Faransancin, ba ni da hannun faɗa mata. Ta miƙe ta fita, ta je bayan rumbu ta zauna, fuskarta ga bango. Kawu, wanda ke jin Faransanci, ya kashe injin tun ba a kai rabi ba. "Waɗanga ba su san maraƙi ba," in ji shi. "Ko maganar tasu babu komi ciki."

Washegari aka tura ni korar tsuntsaye a gonar shinkafarmu ta fadama. Karon farko ba tare da Inna ta sa baki ba, na kama hannun Rabi. A rumfar gona na ɗebo yumɓu na gina maraƙi da balbela, na fara ba ta labarin kashi na biyun da na ƙirƙira da kaina, inda maraƙin ya girma ya ƙetare kogin Kwara neman tsohuwar ƙawarsa. Ina ta kame-kame da hannu, sai ta buge mini yatsu, ta ranƙwafa ta nuna mini yadda ake cewa tsohuwa. Ta nuna mini jiya, ta nuna tsoro, ta nuna ƙarya. Ashe ta daɗe da tanadin alama ga kowane abu, babu dai wanda ya taɓa tsayawa ya tambaye ta. Can sai ta nuna ni, ta tafiyar da yatsu biyu a saɗaɗe a bayan hannunta, ta nuna idonta, sannan ta dafa ƙirjinta. Duk zamewar da nake yi tana gani. Na yi kuka har majina, ita ce ma ta share mini fuska da bakin zanenta. Ranar tsuntsayen jan-baki sun yi biki a gonar. Baba ya iso da niyyar faɗa, ya tarar da mu muna ta hira ba sauti, sai ya ɗauki gwangwanin da ake kaɗa wa tsuntsaye ya shiga kora da kansa.

Yanzu Rabi na aure a Lafagu, tana ɗinki, ni kuma aiki ya kai ni birni. Ta waya muke hira, kowa ta jingine tata ta saki hannu biyu. 'Ya'yana na kallon katun ɗin har na biyar da na shida, kowa da waya a hannunsa, ba mai juyawa ya dubi na kusa da shi. Nakan yi kewar rumfar nan da yumɓu a farce. Ina yi wa Kawu addu'a, su ma masu zanen nan na yafe musu tuntuni. Da sun iya aikinsu, da ban san ƙanwata ba.