Ranar da Baba Ya Kai Ni Ƙauye a Babur ɗinsa

A gidanmu da ke Nasarawa, cikin Birnin Kebbi, idan aka ce babur, abu ɗaya ake nufi: irin na Baba. Ɗan Italiya ne, mai ƙananan tayoyi da faffaɗan ƙirji, wanda mutum ke zama a kansa ya haɗe ƙafafu kamar yana bisa kujera. Shi na buɗe ido na gani a zaure. Idan ɗaya ya tsufa, Baba ya sayar, ya cika kuɗi ya sayo sabo, amma kamfani ɗaya, siffa ɗaya, ko launin ma ba ya yarda ya yi nisa da ruwan toka.

Baba malamin Arabiyya ne a makarantar firamare, mutum mai son tsabtar tufafi ƙwarai. Yana da dalilinsa na riƙe wannan babur, kuma duk wanda ya zauna da shi ya ji labarin. Wai yana saurayi ya ari babur ɗin wani abokinsa, irin mai sarƙa a waje, zai je ɗaurin aure. Bai yi nisa ba sarƙar ta cafke gefen babbar rigarsa ta yage ta, ya isa wurin mutane yana tattare da riga a hammata. Tun daga ranar ya sa wa ransa ba zai sake hawan abin da zai ci masa mutunci ba. Ɗan Italiya injinsa a rufe yake, gabansa na tare laka, mutum ya hau da farar riga ya sauka da farar riga. Abokansa uku ko huɗu duk irinsa suke hawa, suna da makanikensu ɗaya, idan sun haɗu a ƙofar gidanmu bayan la'asar sai ka ga baburan a jere kamar 'yan uwa ɗaya.

Ni ce babbar 'yarsa, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Na gama koyon aikin unguwarzoma a lokacin da duk muke ƙarƙashin Jihar Sakkwato, aka tura ni Argungu, a can kuma aka yi mini aure. Maigidana malamin makaranta ne, keke gare shi. Aikina bai tsaya cikin asibiti ba. Akwai ranakun da nake fita ƙauyukan bakin gulbi in yi wa mata awo, in yi wa yara rigakafi. Motar asibiti guda ce, yau tana da lafiya gobe ba ta da shi. Sau da yawa sai in shirya akwatin allurai in zauna ina jira har rana ta take, daga baya a ce a fasa. Matan kuwa suna can sun bar aikinsu suna jirana.

Wata abokiyar aikina, wadda ta girme ni, tana da ɗan babur na Japan, marar nauyi, mai manyan tayoyi sirara. Ba shi da kulocin hannu, da ƙafa ake sa masa giya. A bayan asibiti ta koya mini, kuma ban sha wuya ba. Da na ga abin da nake tarawa ya kusa isa, na yi shawara da maigida, ya amince. Ya ce amma in je in gaya wa Baba da bakina, kada ya ji a wurin wani.

Na tafi Birnin Kebbi ina fargabar zai ce mace ba ta hawan babur. Sai ga shi ya yi murna har da tashi zaune.

"Madalla, Uwata! Ai wanga shi na daidai. Gobe in Allah ya kai mu, mu tai wurin Alhaji."

Alhajin nan mai shagon babura ne kusa da kasuwa, a wurinsa Baba ya sayi nasa na ƙarshe. Da muka isa ban ma buɗe baki ba, Baba ya nuna wani sabon ɗan Italiya ruwan toka, ya ce a fito da shi. Yana ta sheƙi. Baba ya shafa kujerarsa, ya nuna mini safayar taya da ke maƙale a jikinsa, ya ce in duba kaurin ƙarfen. Na kama ƙahonsa zan sauke shi daga kan ƙafarsa, sai ya rinjaye ni gefe guda, da ƙyar Alhaji ya tare. A can kusurwa kuwa ga irin na abokiyar aikina, ja da fari, jikinsa rufe da roba, kuma kuɗinsa bai kai na wancan ba ko kusa.

Na ce, "Baba, wancan fa?"

Ya waiga ya dube shi kamar an nuna masa abin wasan yara.

"Mi za ki yi da roba? Rana guda ta Kabi ta ishe shi ya narke. Abin da kika saya da arha, sau biyu za ki saye shi."

Alhaji dai ɗan kasuwa ne, bai goyi bayan kowa ba. Ya ce kowanne da masu sonsa. Ni kuma ba zan yi musu da mahaifina a gaban mutane ba, sai na ce a ba ni lokaci in yi tunani.

A gida na lallaɓa na faɗa masa damuwata. Na ce nasa yana da nauyi, giyarsa a hannu take, sai an haɗa masa fetur da baƙin mai, kuma hanyoyin da nake bi ba irin na cikin gari ba ne. Ya saurare ni har na gama. Ina ganin abin da ya fi yi masa ciwo shi ne maganar hanya, kamar na ce dokinsa gurgu ne.

"Babu inda babur ɗin ga ba ya shiga," in ji shi. "Yaushe za ki ƙauye? Ni da kaina zan kai ki, ki gani da idonki."

Haka kuwa aka yi. Ranar da zan fita, da hantsi sai ga shi ya iso Argungu, ya taho tun daga Birnin Kebbi, cikin farar babbar riga da hula. Ƙarshen damina ne, shinkafa ta fara nuna a fadama. Na ɗaure akwatin allurai a gabansa, tsakanin ƙafafunsa, na zauna a baya na haɗe ƙafafu gefe ɗaya. A kan kwalta kam ban taɓa jin daɗin tafiya irin wannan ba. Babur ɗin yana tafe lumui, Baba yana ɗaga murya yana tambayata ko na ji wani girgiza. Na ce ban ji ba, kuma gaskiya na faɗa.

Da muka sauka daga kwalta muka shiga rairayi, sai tayar gaba ta fara rawa. Baba ya sauke ƙafafu yana dogarawa, ya ƙara wuta, muka fita. Ya ce wannan ba komai ba ne. Can gaba hanyar ta gangara tsakanin gonakin shinkafa, inda ruwa ya janye ya bar taɓo baƙi. Nan tayoyin suka nutse har cikin babur ɗin ya zauna a ƙasa. Na sauka na cire takalma, na ɗauki akwatin a ka. Baba ya naɗe hannayen riga bisa kafaɗa yana turawa, injin na kuka, tayar baya na watso masa laka. Ban taɓa ganin mahaifina cikin irin wannan hali ba, na rasa inda zan sa idona.

Wasu manoma da ke korar tsuntsaye suka hango mu suka zo. Sun san ni. Suka gaishe da Baba da ladabi, suka kama babur ɗin gaba da baya suka ɗaga shi cak, suka tsallakar da shi. Babbansu, wani dattijo mai furfura a gemu, ya goge hannu a wando ya ce, "Malam, wanga abin hawa na birni na. Nan sai mai doguwar ƙafa."

Baba ya yi musu godiya.

Mun isa ƙauyen rana ta yi sama. Mata sun cika gindin wata tsamiya, wasu da goyo, wasu da ciki, har da waɗanda suka tsallako gulbi da kwalekwale tun da safe. Aka shimfiɗa wa Baba tabarma nesa kaɗan, aka kawo masa ruwa ya wanke ƙafafu, aka kawo fura. Na fara aiki ke nan sai wata tsohuwa ta zo ta kama hannuna, ta ce surukarta na kan gwiwa tun jiya, abin ya ƙi gaba ya ƙi baya. Na bar layin na bi ta.

Haihuwar fari ce, yarinyar ta gaji ƙwarai. Na daɗe a ɗakin nan, ban san yadda lokaci ya wuce ba. Allah ya taimaka, bayan azahar ta sauka, namiji, ya ɗan yi shiru kafin ya tsala kuka. Da na fito ina wanke hannu, sai na tarar mijin ya durƙusa gaban Baba. Limamin ƙauyen ya yi tafiya, shi kuma ya ji an ce baƙon nan malami ne, yana roƙo ya yi wa jaririn kiran salla a kunne, ya sa masa albarka. Aka naɗo yaron a zane aka miƙo. Baba ya karɓe shi a cikin rigarsa da laka ta bushe a jikinta, ya sunkuya ya yi masa kiran sallar a kunne. Sannan ya zauna ya jira ni har na gama da matan da ke gindin tsamiya, bai ko nuna gajiya ba.

Da za mu koma, manoman suka nuna mana wata hanya ta tudu, mai nisa amma babu taɓo. Muka bi ta har muka hau kwalta. Sai da muka tsaya a ƙofar gidana, na sauka, ya ce, "Uwata, ranar da mota ba ta zo ba, su matan ga mi suka yi?"

Na ce, "Jira suke, Baba. In sun gaji su koma gida."

Ya jinjina kai. Ya dubi babur ɗinsa, ya kai hannu ya ɓamɓare wani busasshen taɓo daga gabansa.

"Shi bai yi laifi ba," in ji shi. "Ba don hanyar ga anka yi shi ba. Ki sayi wanda za ya kai ki."

Na sayi ɗan Japan, ja da fari. Baba ne ya je ya yi cinikin, kuma Alhaji ya gaya mini daga baya cewa ya matsa masa fiye da yadda yake yi idan nasa zai saya. Rana ba ta narkar da shi ba. Ya shiga rairayi ya fita, inda taɓo ya yi yawa kuma ni kaɗai nake tura shi. Fetur kaɗan ke isarsa. Amma ba zan ce Baba ya sauya ra'ayi ba. Duk zuwan da zan yi Birnin Kebbi sai ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa robar da yatsa, ya ce kujerar ta yi tauri, fitilar ba ta da haske. Yana gama kushewa sai ya tsuguna ya duba baƙin mai, ya latsa tayoyi, ya aika a ƙara musu iska.

Na daɗe ina tunanin wannan riƙo nasa. Da ina ganin taurin kai ne kawai na tsofaffi. Daga baya na gane cewa abin da Baba ke saya ba ƙarfe ba ne kaɗai. Yana sayen natsuwar sanin abin da ke ƙarƙashinsa, da makaniken da ya san halinsa, da abokan da za su ara masa filogi in nasa ya mutu, da isa gaban ɗalibansa tsaf. Waɗannan duk suna da daraja, ko da ba a rubuta su a jikin kaya ba. Ni kuma abin da nake bukata daban ne. Abin dariyar shi ne, ban yi shekaru da yawa ba na zama kamarsa. Duk yarinyar da aka turo mana aiki ta ce za ta sayi abin hawa, sai in ce ta sayi irin nawa, ban ma tambaye ta inda za ta riƙa zuwa ba.

Da aka shiga shekarun tsadar kaya, kayan gyaran ɗan Italiya suka yi wuya. Abokan Baba suka fara sayar da nasu ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa har Sakkwato yake shiga mota ya nemo abin da ya lalace, wani lokaci ya dawo hannu wofi. Inna, mahaifiyata, ta yi magana har ta gaji. Abin da ya raba shi da hawa a ƙarshe ba rashin kayan gyara ba ne, idanunsa ne suka fara yana.

Na zo gida wani hutu na tarar ranar ce aka ba shi ya koma asibiti a duba idon. Ƙannena maza duk ba sa nan. Na ce bari in nemo mota. Sai ya ce, "Naki fa, yana da mai?"

Na ce yana da shi.

Ya shiga ɗaki ya sake fitowa cikin 'yar shara, ba babbar riga ba. Ya tattare ta da kyau, ya hau bayana, ya dafa kafaɗata da hannu ɗaya. Muka bi ta cikin Nasarawa a hankali, mutane na gaishe shi daga ƙofofin gidaje, yana amsawa da ƙarfi, yana kiran kowa da sunansa daga jin murya. Da muka kusa kasuwa ya sunkuyo ya ce in rage gudu, akwai rami a gaban shagon mai gyaran rediyo. Na duba, ramin na nan kuwa, na kauce masa.

Aka yi masa aikin ido bayan 'yan watanni, ya samu sauƙi, amma bai koma hawa ba. Makanikensa ya zo ya nemi ya sayi babur ɗin, Baba ya ce ya ɗauka kyauta, da sharaɗin kada ya farfasa shi ya sayar da kayan. Mutumin ya riƙe alkawari, ya gyara shi ya ci gaba da hawa, kuma duk Juma'a yakan biyo ya ɗauki Baba su tafi masallaci.