Ranar da burona ya shiga kwalekwale

Shekarun baya, ina sakataren ƙungiyar masunta a Madarumfa, ni ke cika wa kowa takardar izinin su. Dokar aikin a fili take: mutum ya zo da kansa, in ɗauki hotonsa, in shigar da sunansa a babbar ordinata, wato kwamfutar da ke buro, ofishinmu. Tsarin cika takardar ba ya buɗewa a waya.

Wata damina ruwa ya yanke wani ƙauye, ga wani tsohon masunci can da ciwon ƙafa. Ranar ce ta ƙarshe ta shigar da suna. In bai shiga ba, shekarar nan tarunsa ba zai taɓa tafki ba, kuma da shi yake ciyar da gida.

Sai abokina ya zo da tabilet. Ya ce, "Wannan tsarin ordinata ne a cikinta, irin naka sak."

Na ce, "Kai, kowane abu da wurinsa. Tabilet ta kallo ce."

Ya ce, "Malam Doka, tashi mu tafi, ka yi wa'azin a hanya."

Muka kwafe aikin a cikin tabilet, muka shiga kwalekwale, muka iske tsohon a kan tabarma. Na kunna tabilet. Ga dosiyoyina, fayilolin aikina, a jere yadda na bar su, na farko, na biyu, na uku. Buron da nake kullewa da kwaɗo biyu, ga shi a kan cinyata, kaji na wucewa.

Amma maɓallan ƙanana ne kamar ƙwayar gero, an yi su don teburi. Sau uku babban yatsana na rufe takardar.

Tsohon ya ce, "Ɗana, da wannan hannun kake rubutu ko kirɓa sakwara? Nuna mini wurin."

Na ce, "Baba, ba ka yi lakkol ba, ba ka san boko ba."

Ya ce, "Na yi ɗinkin taru."

Na nuna, ya taɓa da ɗan ƙaramin yatsa. Bai kuskure ko sau ɗaya ba. Haka muka gama, ni ina karantawa, shi yana dannawa. Kafin la'asar sunansa ya shiga.

Har yau in aka yi gardamar ko ya dace a sa wa tabilet tsarin ordinata, nakan ce a sa, amma a ƙara girman maɓallan. Ba kullum sakatare ke samun mai ɗinkin taru a gefensa ba. Abin da dai ya fi tsaya mini a rai shi ne, shekara da shekaru ina jiran mutane su zo gaban teburina, ban taɓa tunanin teburin zai iya zuwa gaban tabarmarsu ba.