Hayaƙin Janareta a Ɗakin Maijego

Ko me zan manta a duniya, ba zan manta yinin da na kusa rasa 'yata da jaririnta a cikin gidana ba, alhali muna zaune muna ta dariya.

Haihuwarta ta fari ce, ta taho daga Chinade don wankan jego. Damina ce, wutar unguwarmu a Azare kuwa sai ta ga dama take zuwa. 'Yan barka sun cika gida, maigidana ya tayar da janareta saboda firij ɗin zoɓo da cajin wayoyin baƙi. Bayan azahar hadari ya taso, aka ja injin daga tsakar gida zuwa lungun da ke bakin ɗakin maijego, kada ruwa ya lalata shi. Surukata kuma ta rufe tagogi ruf, ta saki labule, kada sanyi ya kama mai ɗanyen jiki. Ba wanda ya ga aibu, haka muka taso muka ga ana yi.

Can 'yar tawa ta ce kanta yana sarawa. Surukata ta ce, "Jego ne, kwanta ki huta." Jaririn ma ya yi tsit, har muna yabonsa da haƙuri.

Sai ga maƙwabciyarmu, 'yar kudu ce mai shagon kayan sola a kasuwa, Madam muke ce mata. Ta shigo da lema da sabulun barka, ko zama ba ta yi ba ta ce, "Hajiya, wa ya ajiye injin nan a nan? Ina maijego?"

Na ce, "Tana barci. Zauna ki sha zoɓo."

"Wane zoɓo! A kashe shi yanzu!"

Surukata ta tare ƙofa. "Ke 'yar nan, a ruwan nan za ki buɗe mata iska?"

"Mama, mura ana warkewa. Hayaƙin nan kisa yake yi."

Madam ta raɓa ta gefenta ta bankaɗe tagogi. Muka ɗaga 'yata, ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta. Madam ta rungume jaririn a zaninta, muka faɗa Keke Napep cikin ruwa sai asibiti. Ban taɓa jin daɗin kukan yaro ba kamar wanda ya callara da aka sa masa iskar numfashi. Likita ya ce da an ƙara jimawa, da sai dai haƙuri.

Daga baya Madam ta gaya min haka ƙanenta ya kwanta cikin hayaƙin janareta a garinsu bai tashi ba, shi ya sa ta bar sayar da janareta. Ita ta kawo masu ɗora mana farantan sola a kan rufi. Surukata har ta koma ga Allah ba ta daina sa ta a addu'a ba.

Abin da na koya shi ne, kulawa ma tana iya cutarwa in babu sani. Yanzu in maƙwabci ya tsawata min a gidana, sai na saurara tukuna kafin in ji haushi.