Hular Da Ba A Zo Karɓa Ba

Jiya da hantsi ina guge wa ɗana rigar sanyi, na yayyafa mata ruwa na ɗora dutsen guga, sai wani ƙauri ya taso, ƙaurin ulu mai laima da ya ji wuta. Wallahi sai da na nemi wuri na zauna. Shekara nawa rabona da wannan ƙauri, amma nan take ga ni a unguwar Darrasa ta Alƙahira, ina 'yar shekara tara, zaune a kan buhun gawayi a shagon kakana ina karkaɗa ƙafa.

Kakana gyaran jar dara yake yi. In ba ka taɓa gani ba, bari in kwatanta maka. Tagulla ce guda biyu masu siffar hula, ɗaya na shiga cikin ɗaya, ana ɗora su a wuta har su yi zafi. Sai a jiƙa darar, a kifa ta a kan ta ciki, a rufe da ta waje, a matse. In ta fito, sai ka rantse yanzu aka ɗinka ta. A hannun wani Bamisire ya koyi sana'ar, bayan da shi kakan nawa ya zo Alƙahira daga Sudan, inda iyayensu suka yada zango a hanyar Makka ba su ƙara gaba ba. Su biyu suka zo, shi da ƙanensa, wanda ban taɓa jin ya kira shi da wani suna ba sai Auta.

A zamanina sana'ar ta riga ta kwanta. Sai malamai da ɗaliban babban masallaci, masu naɗa farin rawani a kan jar hula, su ne ke leƙowa jefi-jefi. Amma da sanyi babu wuri mai daɗin shagon nan a duk unguwar. Waje iska na yanka kunne, mai gasasshen dankali na tura kekensa yana kira, ciki kuwa ɗumi da tururi da ƙamshin shayi. Ni ce ke cinye masa rabin wake da burodinsa, shi kuma yana ta mita wai ya auri amarya mai hadama, gobe zai sake ni. Ni ko in ce sakin me, tsoho da ko haƙoran kirki ba shi da su.

Labarin zamanin sarki a nan na fara jin sa, tun kafin in gan shi a littafin makaranta. Kakana bai yi boko ba, amma yakan ce shi a hulunan mutane ya ga abin da ke tafe. Baran gidan basha, wato babban mai sarauta, zai zo da dara shida a lokaci ɗaya, suna ƙamshin turare, ba wadda aka sa fiye da sau biyu. Ƙaramin akawu kuwa tasa guda ɗaya ce, bakinta ya yi maiƙo, ya cire ya miƙa, ya laɓe a ƙuryar shago har a gama, don a lokacin abin kunya ne a ga mutumin kirki a titi kai ba hula. Manoma da ke kwararowa birni su ko takalmi ba su da shi, gonakin da suke nomawa duk na wasu 'yan gidaje ne. Sarki in ya tashi da safe ransa a ɓace sai ya kori gwamnati ya naɗa wata, ba mai ce masa don me. Sojan Ingila na zaune a ƙasar, burodi kuma kullum ƙara ramewa yake yi.

Ɗalibai ne suka fara fitowa, daga baya ma'aikatan masaƙa da na taragon titi suka biyo su. Aka yi ta yi, yau a fito gobe a kama, har ranar da tsakiyar birni ta kama da wuta. Bayan 'yan watanni soja suka karɓe mulki, sarki ya shiga jirgin ruwa ya tafi. Jar dara ma ta bi shi, don mutane sun ce hular bashoshi ce, aka daina sa ta. Wato juyin nan shi ya kashe wa kakana kasuwa. Duk da haka ban taɓa jin ya zage shi ba. Yakan ce, "Mutanen nan da gaskiyarsu, amarya. An kai su bango."

Akwai dara ɗaya a can saman kanta, cikin kwali. Kowace Juma'a da safe sai ya sauko da ita, ya goge, ya ɗora a tagulla, ya taje baƙin tuntunta da yatsa, ya mayar. Ba mai zuwa karɓa. A shekarar da na cika tara ne bangon gidanmu, wanda shagon ke ƙasansa, ya tsage, Baba ya samo mana gida a unguwar Hadayik, ya yi lallashi ya yi faɗa, kakana ya ce ko da ƙafa ɗaya ba zai bar Darrasa ba. Har kakata ta sa baki ta ce, "Malam, halas, ya isa haka mana, shekara arba'in fa." Ya juya ya ci gaba da aikinsa.

Ni da bakina ba ya shiru, haushi ya kama ni, don na ji an ce sabon gidan har da baranda. Rannan ya juya baya, na taka buhu na sauko da kwalin, na kifa hular a kaina, na ce to ga mai ita ta zo, yalla mu tashi. Na zaci zai yi dariya ko ya ɗaga mini sanda. Bai yi ko ɗaya ba. Ya cire ta daga kaina a hankali, ya zauna, ya daɗe yana juya ta.

Sannan ya ba ni labarinta: ta Auta ce. Auta ɗalibi ne a babban masallaci, mai zafin kai, kuma ranar wata babbar fita ya biyo ta shago da sassafe a gyara masa hula, don ya fita tsaf cikin 'yan'uwansa. Kakana ya ji tsoro. Sai ya yi dabara: ya ɗora hular a wuta, ya yi ta jan aiki, yana cewa saura kaɗan, ba ta yi ba tukuna. A lissafinsa ɗalibi mai mutunci ba zai taɓa fita titi kai tsirara ba, zai zauna jira har taron ya wuce. Auta ya zauna, ya tashi, ya leƙa, ihun mutane na ƙara matsowa. Can ya ce, "Yaya, ajiye mini, yanzu zan dawo." Ya fita haka nan.

Da 'yan sanda suka yi kame a ranar, masu hula da rawani an san ɗalibai ne, malamansu suka je suka karɓo su. Wanda aka gani ba hula, baƙo, baƙin mutum, ba wanda ya rubuta shi a matsayin kowa. Kakana ya zaga ofisoshin 'yan sanda da asibitoci da gidajen yari har ƙafarsa ta kumbura. Ba gawa, ba labari. Kuma ƙofar shagon nan kaɗai Auta ya sani, in zai dawo nan zai nufo.

Ranar da na ji wannan labari na yi kuka irin wanda ban taɓa yi ba, na kuma daina zancen baranda. Amma bango bai san wannan ba. Da bazara hukuma ta ce a fita daga ginin, muka koma Hadayik da kakana a tsakiyarmu kamar wanda aka kamo. Duk Juma'a Baba ke kai shi Darrasa, ya zauna a kujera gaban rufaffen shago, kwalin a cinyarsa, har a kira salla. Da ƙafa ta ƙi, ni ya kira ya damƙa wa kwalin. Ya ce, "In ya zo, ki ba shi. Ki ce masa tun a lokacin ta yi, ni ne na yi masa ƙarya."

Yau an rushe ginin an yi sabo, inda shagon yake wani saurayi ke sayar da wayoyi. Ɗalibai 'yan Nijar da Najeriya na wucewa suna Hausa, ba wanda ya san an taɓa hura wuta a wurin. Ina kewar tsohon nan, kewa mai ciwo, shi da mitarsa da tururin shagonsa. Na sani sarai in Auta na raye ya haura casa'in, ba sai an gaya mini ba. Duk da haka na bar wa mai wayoyin lambata, na ce in wani tsoho ya zo tambayar mai gyaran dara, ya kira ni. 'Ya'yana na yi mini dariya, wai Mama ba ta ƙin ɗaga baƙuwar lamba, ko ta masu talla ce. Ma'alesh, ba komai, su yi ta yi. Akwai saƙo a hannuna da ban isar ba, hular kuma tana nan a gyare.