Kwanukan da Inna Tasalla Ta Riƙe

Wata rana cikin daminar nan, ana yayyafi, na shiga adaidaita na tarar da wata mata rungume da samira biyu a cinya.

Ƙamshin faten tsaki ya cika ko'ina. Rama, yakuwa, gyaɗa, har da daddawa.

Kun san ni da baki, kuma kun san ni da ciki. Na ce mata irin wannan fate ai zalunci ne a wuce da shi ta gaban mutane cikin sanyin ruwa.

Na zaci dariya za ta yi. Sai na ga hawaye.

Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, dama tana neman wanda za ta gaya wa.

Ta ce tana da maƙwabciya, wata tsohuwa mai suna Inna Tasalla. Ita kaɗai ce a gida, katanga ce kawai tsakaninsu. Daddawa take yi tana sayarwa, har ciwon ƙafa ya zaunar da ita.

Duk abin da matar nan ta dafa, sai ta zuba a samira ta miƙa ta katanga. Lokacin zafi kunun tsamiya da dambu. Damina ta faɗi, fate. Takan tafasa yakuwar ta zubar da ruwan farko saboda tsami, ta bar tsakin ya nuna luguf, don tsohuwar ba ta da haƙora.

Ita kuma Inna Tasalla ba ta taɓa mayar da kwano wayam ba. Yau ƙullin daddawa, gobe ɗan kuka, jibi busasshen barkono.

Sai kwanuka suka fara makara.

Daga makara, suka daina dawowa.

Ta miƙa wannan, shiru. Ta miƙa wancan, shiru. Har samirar da ta fi ji da ita, ta cikin kayan aurenta, ta tafi ba ta dawo ba.

Ta ce ranta ya ɓaci. Ta riƙa faɗa a zuci, wai ana ba ka abinci kana haɗawa da kwanon. Ba ta tambaya ba, don kada a ce ta yi wa tsohuwa gori. Kawai sai ta daina miƙawa, tana jiran tsohuwar ta gane da kanta.

A tsakiyar damina fa. Tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai zo ba.

Aka ɗauki makonni. Rannan tana shanya, sai ta lura ta daɗe ba ta ga hayaƙi ya tashi daga gidan ba. Duk da haka, ta rantse min, ba dubiya ta je ba. Baƙi za ta yi, kwanukanta ta je karɓa.

Ta yi sallama, aka amsa da wata siririyar murya.

Ciyawa ta tsiro a cikin murhu.

Inna Tasalla tana kwance a kan tabarma, ta rame har zobenta na yawo a yatsa. A gefenta ga kwanukan nan a kife, an goge su da toka suna ƙyalli. A tsakar gida kuma ga ƴan shukokin kuɓewa sun fara fure.

"Inna! Ashe kwanukan suna nan? Me ya hana ki miƙo min su in zuba miki?"

"Haba ƴar nan, in miƙo miki su wayam? Ba haka aka raine ni ba. Kuɓewar can nake jira ta yi ƴaƴa."

Jama'a, a nan mai adaidaitan ma ya rage sautin rediyonsa.

Tsohuwar ba ta riƙe kwano don kwaɗayi ba. Abin sakawa a ciki ne ya ƙare mata. Da abinci ya daina zuwa, sai ta ɗauka hakan ya dace, tunda ita ta fara gazawa. Ta zaɓi yunwa a kan ta leƙo katanga.

Ranar aka kai ta asibiti. Aka ce yunwa ta riga ta ci jikin sosai.

Tun daga nan kullum matar nan sai ta dafa ta kai. Ta bar kwanon yau, ta ɗauko na jiya. Wata rana tsohuwar ta ɗan lasa, wata rana ta kawar da kai.

Na tambaye ta ya mai jikin.

Ta ɗora hannu a kan samirar da ke sama, wadda har lokacin da ɗuminta. Ta ce yau ta tsaya jiran tsakin ya nuna sosai, kafin ta isa asibitin Allah Ya yi wa Inna Tasalla rasuwa. Yanzu za ta je ta sanar da unguwa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Sai ta buɗe samirar ƙasa, ta jiya, wadda ma'aikaciyar jinya ta miƙo mata.

Ƙwayar sukari ce a ciki. Irin wadda ƴan dubiya ke kawowa ta shayi.

Ko a gadon asibiti, tsohuwar ba ta mayar da kwano wayam ba.

Na sauka na kasa cin abinci ranar. Har yanzu in na ji ƙamshin yakuwa sai zuciyata ta karye.

Darasi: In kwanonki bai dawo ba, kada ki daina zubawa, ki bi shi ki ga lafiya. Akwai masu yunwar da kunya ba za ta bari su faɗa ba. Ki kai a robar da ba sai an mayar ba, ko ki shiga ki zauna ku ci tare.

Kafin ki sauke tukunyar yau, ki duba gidan da hayaƙinsa ya ɗauke. Ki tura labarin nan ga duk wadda ke da tsohuwa a bayan katanga.