Yashin da Ban Zazzage Ba

Ni dai ban taso da halin cuta ba. A gidanmu a Roni ko allura na tsinta sai na zaga da ita ɗaki-ɗaki ina cigiya. Boko a aji huɗu na tsaya, don haka wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya yi mini uzuri. Abin da aka san ni da shi tun ina yarinya fargaba ce. In hadari ya taso ni ce mai tuna wa mutane rufin da ke yoyo, in akuya ta yi tari ni ce mai cewa a nemo mahauci. Da wannan hali aka kai ni Kazaure, gidan wani mai walda, muka sami 'ya ɗaya, Nana. Ku ƙannena masu tasowa, ku saurari yadda fargabar nan ta kai ni gidan yari.

Maigidana, wanda nake kira Malam, mutum ne mai gaskiya har ta yi masa yawa. Shagonsa a jikin zaurenmu yake. Ƙofofi da tagogi yake yi, sai kuma wani aiki da ya koyo a Kano, na samarin nan masu wasan mota a wurin biki, masu juya ta a fili tana kuka tana hayaƙi. Su ba sa yarda da bel ɗin da mota ta zo da shi. Wani suke saye mai hannu huɗu, biyu ta kafaɗu, biyu ta ƙugu, kuma na kafaɗun sai an sami abin ɗaure su a baya. Shi ne Malam yake gitta musu bututun ƙarfe a bayan kujerun gaba, daga ginshiƙin wannan ƙofa zuwa na waccan, daidai tsayin kafaɗa, da ƙafafu biyu da ke tokare shi a ƙasa. Ranar da na fara ganin ƙato an ɗaure shi a ciki na ce, ashe goya su motar take yi. Daga nan sunan ya bi shi, har su kansu ƙarfen goyo suke cewa.

Iri biyu yake yi. Akwai na gaske, bututu mai kaurin baki wanda sai ya je Kano yake samo shi da tsada. Akwai kuma na ado, mai faɗi amma sakayau kamar gwangwanin madara, na masu son a gani a ce su ma 'yan wasa ne, alhali ko akuya suka gani a titi sai sun taka birki. A kan na ado Malam yana da magana ɗaya: hula za a rataya masa, ba rai ba.

Kafin a lanƙwasa bututu sai an ɗura masa busasshen yashi, a toshe bakinsa da katako, a gasa a wuta, sannan a tanƙwara, don kada ya lotse. In Malam ya gama walda sai ya miƙo mini cikin gida. Aikina shi ne in zazzage yashin, in goge, in shafa shuɗin fenti, in rufe bakunan da murfin roba. Wayar shago ma a hannuna take, domin ƙarar injin gurza ƙarfe ta ci masa kunne, kuma ciniki bai iya ba. Shi in zai faɗi kuɗin aiki sai ya haɗa na ƙarfe da na tsinken walda da man janareta da fenti, ya manta da guminsa. Ni kuwa murya nake saurare. In na ji mai bugowa yana cin abu yana magana a hankali, na san akwai. In na ji iska na kaɗawa yana sauri kada katinsa ya ƙare, sai in sassauta.

Duk da haka aiki ya ja baya. Wata rana bayan la'asar Malam ya ajiye kwanon abinci ya ce, "In kaka ta wuce ba a ga canji ba, zan bi su Haladu haƙar zinare."

Haladu maƙwabcinmu ne, ya tafi can cikin Sahara bayan Agadas, shekara biyu matarsa ba ta ji ko tarinsa ba. Na ce, "Malam, ramin nan fa rufta wa mutane yake yi." Ya ce, "Yunwa ma tana ruftawa." Tun daga ranar kullum sai na leƙa saman sif in ga ko jakarsa tana nan.

Ana cikin haka wani ɗan gata daga Babura mai suna Sagiru ya zo karɓar nasa, na gaske, ranar Malam ya tafi Kano sayen ƙarfe. Na jingine masa shi a zaure. Kusa da shi akwai wani na ado na irin motarsa, wanda na yi wa fenti na rufe, na manta ban zazzage ba saboda Nana ta wuni tana zazzaɓi. Ina daga bayan labule na ji yana ƙwanƙwasa su da makullin mota. Na gasken ya yi ƙara, na adon ya yi shiru kamar an daki buhu. Ya ɗaga wannan, ya ɗaga wancan.

"Hajiya, ni za a yi wa wayo?" in ji shi. "An ɓoye mai kyan, an ba ni mai kukan kwano."

Na ce, "Wanda aka yi maka shi ne na hannun dama."

"Ni fa na san ƙarfe. Ji nauyi. Wannan ko tirela ce ta dake shi sai dai ita ta ji jiki. Na wane Alhajin ne? Ko nawa ya biya na ƙara a kai."

A nan ya kamata in ce, ɗan'uwana, yashi ne. Kalma biyu. Na buɗe baki, sai jakar saman sif ta faɗo mini a rai, kuma ga shi an kira ni Hajiya, ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba. Abin da na ji bakina ya faɗa shi ne, "Wannan na waje ne, ba kowa muke nuna wa ba." Ya biya har da godiya.

Na kwana uku ina jiran asiri ya tonu. Maimakon haka sai waya ta fara ruri. Sagiru ya zaga yana ba abokansa suna ɗagawa kafin bakanikensa ya ɗaura. Daga Kano, daga Daura, har daga Nijar masu biya da sefa, kowa cewa yake, "Irin na Sagiru nake so, mai nauyin nan." Motocinsu kusan iri ɗaya ne, Malam yana da awonsu a rubuce a bango, don haka ba sai sun zo ba. Sai in ce masa an yi odar na ado. Ya yi, ya miƙo mini. In ƙara yashi in danna da muciya, in rufe, in naɗe a buhu, direban tasha ya zo ya ɗauka. Har tankaɗe yashin nake yi da rariyar tuwo don kada tsakuwa ta yi motsi a ciki. Yashin da aka zazzage na halak a tsakar gida nake bari Malam ya gani, nawa kuma a bayan randa yake.

Miya ta fara ganin nama. In Malam ya tambaya sai in ce samarin ne suke ba da tukwici. Ya kan girgiza kai ya ce, "Yaran yanzu kowa ado, babu mai son abu mai ƙwari. Kina dai gaya musu ko?" In ce, "Hula, ba rai ba." Ya ce madalla. Kaka ta zo ta wuce bai sake zancen tafiya ba, har jakar ya sauko da ita ya zuba tsofaffin notuna na shago a ciki. Ranar na yi murna kamar an yi mini albishir da kujerar Makka. Guda goma sha ɗaya na sayar a haka. Fargabar ba ta bar ni ba, wuri kawai ta sake. Duk motar da na ji ta ja birki a titi sai in leƙa ta labule.

Abin ya fashe ne a wani biki a bayan garin Babura, a gonar da aka girbe. Waɗanda suka gani sun ce Sagiru ya juya motar sau uku, a na huɗu ta ƙwace ta daki kunya ta tsaya cak. Ƙarfen ya naɗe kamar kara, ya tsage, bakin Sagiru ya gaisa da sitiyari, yashi ya zubo masa ta wuyan riga. Haƙora biyu suka fita, ƙashin kafaɗa ya karye. Allah ya tsare, iyakar abin ke nan, bai kai ga wuyansa ba. Da farko ma cewa aka yi jifa ne, wai abokan hamayya sun turo masa ƙasar kabari, gilashi a rufe amma ga yashi har cikin kunne. Sai da ya sha rubutu na sati guda kafin bakanikensa ya leƙa bututun ya kira shi ya ce, "Zo ka ga kabarin."

Malam aka zo aka kama. Ina tsaye da Nana a baya aka fita da shi, yana ta tambayar me ya faru, ba ya jin amsar. Na bari aka tafi da shi ban ce ni ce ba. Wannan shirun ya fi yashin nauyi a wurina.

Ranar shari'a aka ajiye ƙarfen a gaban alƙali, da yashin a cikin kwano. Sagiru ya tashi hannu a rataye, yana magana iska na fita ta giɓi, har sai da alƙali ya ce ya maimaita sunansa. Aka tambayi Malam. Ya duba ƙarfen ya ce, "Allah ya gafarta Malam, aikina ne. Amma na ado ne. Wa ya ce ya ɗaura ransa a jiki?"

"Yashin fa?"

Malam ya ɗebi kaɗan ya murza a yatsa. Ya daɗe yana murzawa. Ya san yashin shagonsa ne, kuma zazzage shi aikina ne. Ya waiwayo ya dube ni sau ɗaya, sannan ya ce, "Mantuwa ce. Ni na manta."

Mutumin da ban taɓa jin ya yi ƙarya ba, ga shi ya fara a gaban alƙali saboda ni. Na miƙe na ce, "Allah ya gafarta Malam, bai manta ba. Ni ce. Da muciya nake dannawa."

Alƙali ya cire tabarau ya ce, "Da me?"

Na ce da muciya. Aka yi dariya har da ɗan sandan da ke bakin ƙofa. Alƙali bai yi ba. Ya tambaye ni guda nawa, na faɗa. Ya ce a bi su a karɓo, mu biya Sagiru magani, ni kuma wata shida. Shi ma Sagiru aka ci shi tarar wasan ganganci, ya fita yana cewa shi da aka zalunta.

Gidan yari ba wurin ba da labari ba ne. Nana tana wurin kakarta, ni ina kwana da tunanin ko an rufe ta, ko an kula ba ta son yaji. Matan da na tarar kowa da abin da ya kawo ta, amma in aka gaji sai a ce in tashi in nuna yadda ake dannawa. Wata tsohuwa mai sayar da manja da aka kama tana haɗa shi da wani abu ta ce mini, "'Yar nan, mu ciki muke ɓatawa, ke kuwa wuya kika nema." Ba ta yi dariya ba da ta faɗa, ni ma ban yi ba.

Da na fito na tarar da shago a rufe. Janareta ya tafi wurin maganin Sagiru. Ko ƙofa Malam ya yi, sai mai saye ya kwantar da ita ya girgiza ya kasa kunne. Tara daga cikin ƙarafan an samo su. Biyu sun ɓace, an sayar da motocin, an sake sayarwa, ba a san hannun da suke ba. Malam ya jira ni ne kawai. Na durƙusa na nemi gafara, ya ce ya yafe tun a kotu. Sannan ya ce, "Amma ba zan sake kunna wuta a shagon nan ba alhali wani yana can ya jingina ransa da aikina. Ranar da biyun nan suka dawo, ki aika mini." Bayan sati biyu ya hau motar Babura, daga can ya tsallaka Nijar. Tafiyar da na yi duk wannan don in hana, ni na biya masa kuɗin motarta.

Yanzu ƙosai nake soyawa a ƙofar gida, kuma na tuba ga Allah, ina roƙon duk wanda na cuta ya yafe mini. Ku ƙannena, ban fara da niyyar cuta ba, mantuwa ce aka yaba, na kasa cewa kuskure ne. In mai saye ya ruɗi kansa a gabanku, ku faɗa masa a take, tun maganar tana kalma biyu. Kada ku ce tsoron talauci ne ko don iyali ne, ni ma haka na ce.

Sai roƙo ɗaya. In yayanku ko mijinku yana da mota mai shuɗin ƙarfe a bayan kujera, da murfin roba a bakinsa, ku sa wuƙa ku ɓanɓare murfin. In yashi ya zubo, mai laushi, tankaɗaɗɗe, kada a sake ɗaura bel a jiki ko zuwa masallaci ne. A kwance shi a kawo Kazaure. Ba sai na ba ku kwatance ba, ku ce gidan Mai Muciya, ko a tasha za a nuna muku.